Tambayoyi da Amsoshi Kan Gane Farashin da Ya Dace Wajen Sayen Murhun Itace Na Hannu a Legas

Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, kuɗin sufuri ya ja farashin kusan komai sama a Legas, kuma gas ɗin girki da kananzir ba su tsira ba. Da yawa daga cikin masu sayar da abinci a Agege da Mile 12 da Idi-Araba da Alaba Rago, waɗanda a da suka jingine itace suka rungumi tukunyar gas, sun sake komawa gare shi, musamman wajen dafa wake da ganda da tuwo mai yawa, wato abincin da ke daɗewa a kan wuta. Saboda haka murhun ƙarfe na hannu, wato wanda aka riga aka yi amfani da shi, ya zama hajar da ake nema. Na sha raka 'yan'uwa da maƙwabta sayensa, na ga wanda ya dace, na kuma ga wanda ya yi asara, kuma tambayoyin nan su ne waɗanda aka fi yi mini.

Wane irin murhu ake nufi a nan?

Ba murhun duwatsu uku ba, domin wannan ba a sayensa. Ana nufin murhun ƙarfe da ake iya ɗauka daga wuri zuwa wuri, kuma wanda ake samu a kasuwannin Legas bai wuce kashi 4 ba. Akwai na masu walda, wanda ake haɗawa da rim ɗin mota ko rabin duro ko farantin ƙarfe, a yi masa ƙafafu da rodi, kuma shi ne ya fi yawa a hannun masu tuwo da masu ƙosai da masu girkin biki. Akwai na ƙarfen zubi, mai nauyi, wanda ake narkawa a zuba a ma'auni. Akwai murhun kamfani mai rage cin itace, irin su Save80 da Envirofit. Sai kuma murhun Turai na ɗumama ɗaki, wanda yakan faɗo jefi-jefi cikin kayan tokunbo, wato kayan hannu da ake shigo da su daga waje. Kurfoti na gawayi da murhun garin katako da aka laƙaba wa sunan Abacha a shekarun 1990, lokacin ƙarancin kananzir, 'yan'uwansu ne, kuma yawancin abin da za a faɗa a nan ya shafe su.

Daga ina ake fara lissafin farashi?

Ba daga bakin mai sayarwa ba. Kowane murhu na hannu yana da iyaka ta ƙasa da iyaka ta sama, kuma mai saye zai iya gano su duka biyu kafin ya taka ƙafarsa wurin cinikin.

Iyakar ƙasa ita ce abin da 'yan jari-bola za su biya idan aka ɗora murhun a kan sikeli a matsayin tsohon ƙarfe. Babu mai hankalin da zai sayar maka ƙasa da haka, domin yana iya tsayar da mai kura a ƙofar gidansa ya karɓi kuɗinsa nan take. Farashin kilo yana sauyawa daga mako zuwa mako, don haka a ranar da za ka je ka tambayi masu sikeli na unguwarku, ko na kasuwar ƙarafa ta Owode Onirin da ke kan hanyar Ikorodu kusa da Mile 12, nawa suke sayen kilo. Iyakar sama kuwa ita ce abin da mai walda zai karɓa yau ya haɗa maka sabo mai girma ɗaya da kauri ɗaya. Ka tambayi masu walda 2 ko 3, kuma ka gaya musu girman tukunyar da za ka ɗora, domin idan ka ce musu murhu kawai, kowa zai faɗi kuɗin abin da ke cikin kansa.

Tsakanin waɗannan iyakoki biyu ne farashin gaskiya yake, kuma abin da ke nuna inda zai tsaya shi ne sauran kwanan da murhun yake da shi. A ƙaddara, don misali kawai, sabo yana kan naira 60,000, kuma irinsa yana yin shekara 4 a hannun mai girki kullum. Idan wanda ke gabanka ya ci rabin rayuwarsa, darajarsa ta koma wajen naira 30,000. Idan sai an sauya masa ragar da itace ke kwanciya a kai a kan naira 6,000, an kuma biya dako naira 4,000 wanda da mai waldan unguwarku ka saya ba za ka biya ba, to abin da ya kamata ya fita daga aljihunka zuwa hannun mai shi bai wuce naira 20,000 ba. A ganina, duk murhun hannu na masu walda da kuɗinsa ya haura kashi 2 cikin 3 na sabo, gara mutum ya ƙara haƙuri ya cika ya sayi sabon, domin a sabon kai ne za ka zaɓi ƙarfen da idonka.

Me ya sa ake yawan maganar nauyi?

Domin a murhu nauyi shi ne kauri, kauri kuma shi ne tsawon rai. Wuta tana cin ƙarfe a hankali, tana ɓare shi ɓawo-ɓawo, kuma wanda ya fara da kauri shi ne zai daɗe kafin ya huje. Farantin ƙarfe mai faɗin mita 1 da tsawon mita 1, idan kaurinsa milimita 1 ne, nauyinsa kusan kilo 8 ne, idan kuma milimita 3 ne, ya haura kilo 23. Saboda haka idan ka ga murahu biyu masu girma ɗaya, ka ɗaga ɗaya da hannu guda, ɗayan kuma sai da ka sa hannu biyu ka yi nishi, ba ka buƙatar wani ya gaya maka wanda ya fi. Jikin duro bai cika wuce milimita 1 da 'yan kai ba, shi ya sa murhun duro yake da araha kuma yake saurin mutuwa, rim ɗin babbar mota kuwa yana da kauri sosai, kuma shi ya sa masu girkin biki suke sonsa. Sai dai a kula, wani murhun an lafta masa yumɓu ko siminti a ciki, nauyin ba na ƙarfe ba ne, kuma 'yan jari-bola ba za su biya kuɗin yumɓu ba.

Me zan duba a jikin murhun kafin in taya?

Ka tafi da ƙaramar guduma ko sukudireba, da tocila, da mayen ƙarfe idan kana da shi, kuma ka je da rana. Abu na farko shi ne ka kwashe tokar da ke ciki gaba ɗaya, domin toka tana rufe aibi fiye da fenti. A Legas ma abin ya fi muni, saboda iskar garin tana da laima da gishirin teku, kuma toka idan ta jiƙe tana riƙe ruwa a jikin ƙarfe tana cinsa daga ƙasa. Murhun da zai yi shekaru a Kano ko Sakkwato ba tare da ya nuna komai ba, a Ijora ko Ajegunle damina biyu ta isa ta rarake gindinsa idan a waje yake kwana.

Bayan ka kwashe tokar, ka kifa murhun ka bubbuga gindinsa. Lafiyayyen ƙarfe yana amsawa da ƙara mai kaifi, wanda ya ruɓe kuwa sautinsa a dushe yake, kuma za ka ga ɓawon tsatsa yana zubowa. Ka bambanta tsatsar sama, wadda ja ce kawai kuma burushi yana kankare ta, da tsatsar da ta kumbura ta yi hawa-hawa, domin ta farko ba ta rage komai sai kyan gani, ta biyun kuwa ta cinye ƙarfen. Sannan ka sa tocila a ciki ka duba daga waje, duk inda haske ya ɓullo akwai ɓula. Ka duba ragar da itace ke kwanciya a kai, ita ce ta fi shan wuta, kuma idan ta lotsa ko ta sirance sai an sauya ta. Ka duba wuraren walda, musamman inda ƙafafu suka haɗu da jiki. Daga ƙarshe ka ajiye shi a daidaitaccen wuri ka ɗora masa tukunya cike da ruwa ka girgiza. Wannan shi ne abin da ba na yarda a tsallake, domin murhun da ke rawa a ƙarƙashin tukunyar miya ko kaskon mai ba asarar kuɗi kaɗai zai jawo ba, ƙuna zai jawo, kuma galibi yara da masu taya aiki ne ke kusa da shi.

Murhun da aka yi wa sabon fenti, alama ce mai kyau ko maras kyau?

A wurina alama ce ta a ƙara sa ido. Na koyi wannan ne a kan murhun yayata, wadda take sayar da tuwo da miyar kuka a Agege. Nata ya mutu ana gab da azumi, ta aike ni in nemo mata wani, na samu ɗaya a wajen wani mai kayan gwanjo, baƙi wuluk yana sheƙi kamar yau aka ƙera shi. Na ce masa, "Malam, wannan fentin na yaushe ne?" Ya ce, "Ƙanena, gyara shi kawai muka yi don ya yi kyan gani, ƙarfen nan ko jikanka zai gada." Magariba ta kawo kai, ina sauri, ban kifa shi ba, ban bubbuga ba, na biya. Ranar da aka fara hura masa wuta, fentin ya yi ta tafasa yana wari har ya hana masu cin abinci zama, domin fentin ƙofa ne, ba mai jure zafi ba. Cikin mako na 3 gindin ya ɓurma, garwashi ya zube ƙasa kusa da ƙafar yarinyar da ke tuƙa tuwo. Da muka kifa shi muka tarar an toshe ɓular da wani siririn gwangwani, an shafe da abin cike da masu gyaran jikin mota ke amfani da shi, sannan aka bi da fenti. Yayata ba ta yi mini faɗa ba, abin da ta ce kawai shi ne, "Auta, Allah ya tsare, ba a ƙone kowa ba." Har yau idan na tuna ƙafar yarinyar nan sai gabana ya faɗi.

Mayen ƙarfe yana tona irin wannan, domin yana kama ƙarfe da ƙarfi, amma inda aka lafta abin cike sai kamunsa ya yi rauni. Murhun da aka bar shi da baƙin hayaƙinsa da 'yar tsatsarsa ya fi kwanta mini a rai, saboda abin da kake gani shi ne abin da kake saye.

Idan murhun ƙarfen zubi ne kuma ya tsage, ba sai a yi masa walda ba?

Masu sayarwa suna yawan faɗin haka, amma ƙarfen zubi ba ya karɓar walda kamar sauran ƙarfe. Yana da gautsi, kuma idan aka zafafa wuri ɗaya ya huce da sauri, sai ya sake tsagewa a gefen ɗinkin. Gyaransa na gaskiya yana buƙatar a ɗumama dukan ƙarfen tukuna, a yi amfani da rodin walda na musamman mai tsada, sannan a bar shi ya huce a hankali, kuma ba kowane mai walda na bakin titi ke yin haka ba. Don haka tsaga a jikin ɗakin wutar tana mayar da murhun kusa da farashin sikeli. Idan ƙafa ce ta karye ko murfi, wannan da sauƙi, a rage kuɗin gyara kawai. Lafiyayyen ƙarfen zubi kuwa, wanda idan ka buga yake amsawa kamar ƙararrawa, ya cancanci kuɗi fiye da na walda, domin yana riƙe zafi kuma ba ya lanƙwashewa. Abin da ya fi tsaga shi shi ne faɗuwa, da kuma kwara masa ruwan sanyi yana da zafi.

Ta yaya cin itace ya shiga cikin farashi?

Nan ne yawancin masu saye suke yin kuskure, suna ja-in-ja a kan naira 2,000 a wajen ciniki, alhali murhun zai riƙa zarar musu fiye da haka kowane mako. A Legas itace ba tsinto shi ake yi a bayan gari ba, saye ake yi, an ɗauko shi a mota daga nesa, kuma kuɗin motar yana cikin kowane ƙulli. Kuɗin murhu sau ɗaya ake biya, na itace kuwa kullum ne. A ƙaddara murahu biyu ne, ɗaya ya fi ɗaya cin itacen naira 500 a rana. Ga mai sayar da abinci da ke aiki kwana 26 a wata, wannan naira 13,000 ke nan duk wata, wato kafin wata 3 bambancin ya kusa naira 40,000. Idan mai ƙarancin cin itacen ya fi tsada da naira 15,000, shi ne mai araha, kuma a nan karin maganar nan ta sayen nagari mai da kuɗi gida ta zauna daidai.

Siffar murhun tana nuna yawan cinsa. A buɗaɗɗiyar wuta irin ta duwatsu uku, abin da ke shiga tukunya daga zafin itacen bai kai kashi 1 cikin 5 ba, sauran iska ce ke kwashewa. Murhu mai kyau yana killace wutar, yana barin iska ta shiga ta ƙarƙashin itacen, kuma yana tilasta harshen wuta ya bi gindin tukunya da gefenta ta ƙaramar tazara. Wanda bakinsa ya yi faɗi ƙwarai, ko tukunya ta yi nisa da wuta, ko jikinsa duk ɓula ne, zai ci itace kamar gidan biredi. Shi ya sa nake cewa a tafi da tukunyar da za a riƙa ɗorawa, ko aƙalla a auna faɗin gindinta da igiya, domin murhun da ya dace da tukunyar biki ɓarna ne ga mai shayi.

Idan mai sayarwa ya yarda, gwaji mafi inganci shi ne a hura wuta. Ka zo da busasshen itacenka, ka raba shi kashi biyu daidai, ka tafasa ruwa lita 5 a tukunya ɗaya a kan tsohon murhunka a gida, sannan a kan wanda kake son saye, ka ga tsawon lokacin da kowanne ya ɗauka da itacen da ya rage. Ka kuma kalli hayaƙin bayan wutar ta kama sosai. Idan itacen busasshe ne amma hayaƙi ya ƙi raguwa, iska ba ta shiga yadda ya kamata.

Murhun kamfani mai rage cin itace fa, nawa ya kamata a biya a na hannu?

Ƙa'idar iyaka biyu tana aiki a nan ma, sai dai iyakar ƙasa ba ta da amfani sosai, domin irin waɗannan murahu ba su da nauyi, darajarsu a ƙirarsu take. Save80, wanda aka fi sani a Arewa ta hanyar ƙungiyar DARE ta Kaduna, an yi shi da ƙarfen da ba ya tsatsa, yana aiki da ƙananan ƙirare, kuma sunansa ya samo asali ne daga cewa yana rage cin itace da kashi 80 cikin 100. Yana zuwa da tukunyarsa da aka ƙera ta shige cikinsa daidai, saboda haka wanda aka kawo maka babu tukunyar ya rasa babban ɓangare na amfaninsa, kuma dole farashin ya nuna haka. A kowane murhun kamfani, ka haska cikin ɗakin wutar ka ga ko ya ƙone ya huje, ko yumɓun da ke ciki ya farfashe, sannan ka tambaya ko ana samun kayan gyaransa. Ka kuma binciki farashin sabo a wurin wakilansu, domin wasu irin waɗannan murahu an sayar da su ne da rangwame ƙarƙashin shirye-shiryen tallafi, kuma ana samun mai sayar da na hannu yana neman fiye da abin da ya biya.

Na ga murhun Turai mai ƙofar gilashi a cikin kayan tokunbo, mai shi ya ce a can yana da tsada ƙwarai. Gaskiya ne?

Gaskiya ne, kamfanoni irin su Jøtul na Norwe da Morsø na Denmak da Vermont Castings na Amurka suna ƙera murahun ƙarfen zubi masu tsada, kuma a Amurka tun 1988 hukumar kare muhalli ta ƙasar take gindaya wa sababbi sharaɗin yawan hayaƙin da za su fitar. Amma an yi su ne don ɗumama ɗaki a ƙasashen da ƙanƙara ke zuba, an tsara su su watsa zafi ta jikinsu zuwa cikin gida, kuma ba sa aiki sai da dogon bututun hayaƙi da ya ratsa rufi. A Legas, inda ko a tsakiyar hunturu fanka ake nema, ba su da aikin yi, kuma girki a kansu jinkiri ne da ɓarnar itace. Tsadar abu a Oslo ba ta zama tsadarsa a Oshodi. Sai dai idan wani zai kai shi Jos ko tsaunin Mambila, inda sanyi na gaske yake, to shi sai ya duba gilashin da igiyar da ke toshe bakin ƙofa da tubalan da ke ciki da farantin da ke saman ɗakin wuta, ya kuma sani cewa duk wanda ya lalace daga cikinsu daga waje za a yi odarsa da dala.

Akwai murhun da bai kamata a saya ba ko da kyauta ne?

Akwai. Wanda aka yi da duron da ba a san abin da aka zuba a cikinsa ba, musamman idan yana warin sinadari ko maganin ƙwari, a bar shi. Haka wanda aka yi da ƙarfe mai rufin tutiya irin na kwanon rufi ko bututun ruwa, domin idan ya sha wuta yana fitar da farin hayaƙi mai sa zazzaɓi da ciwon ƙirji. Haka wanda ƙafafunsa suka ruɓe har gyaransu ya kai kuɗin sabo.

Wane kuɗi ne mutane ke mantawa da shi a lissafi?

Dako shi ne na farko. Babban murhu ba ya shiga danfo cikin sauƙi, sai an ɗauki Keke Napep ko ƙaramar motar kaya, a biya masu ɗorawa da masu saukewa, wani lokaci har da 'yan tasha da za su tare ka a bakin kasuwa. Murhun da ka samu da araha a Alaba Rago, kafin ya isa Ikorodu arahar ta ƙare a hanya. Sai la'adar dillali, wadda ya kamata a san wanda zai biya ta tun kafin a sallama. Sai kuma ranar da ka rufe sana'arka ka tafi nema, ita ma kuɗi ce.

Ya halatta in saya ta intanet?

Shafin saye da sayarwa na Jiji da kasuwar Facebook suna da amfani wajen sanin abin da mutane ke nema, amma a tuna cewa farashin da aka rubuta a can kuɗin da mai kaya ke fata ne, ba wanda aka sayar ba. Hoto ba ya nuna kauri, ba ya nuna gindi, ba ya amsa guduma. Kada a tura ko sisi da sunan kafin alƙalami kafin a ga kaya, wannan cinikin biri a sama ne. A haɗu da rana a wurin da jama'a suke, a duba, sannan a biya.

Yaya ake taya murhu ba tare da an ci mutuncin mai shi ba?

Ka bari shi ya fara faɗin kuɗinsa, sannan ka tambaye shi shekara nawa murhun ya yi a hannunsa, me ake dafawa a kai, a ina yake kwana, kuma me ya sa zai sayar. Wanda ya koma gas ko zai koma gida Arewa, ko matar da mai gidan haya ya hana ta hura itace, galibi kayansu lafiya lau ne kuma suna son su rabu da shi da wuri. Wanda ya kasa faɗin dalili kuwa, wataƙila murhun ne ya gaji. Idan za ka taya, ka ɗora tayinka a kan abin da ku duka biyu kuke gani, ka ce, "Hajiya, ragar nan sai an sauya, mai walda ya ce mini kaza, ga kuma dako, shi ya sa na taya kaza." Irin wannan tayi ko an ce albarka ba a jin haushinsa, kuma sau da yawa shi ake sallamawa. Kushe kayan mutum don a karya masa farashi ba ɗabi'a ce mai kyau ba, haka nan matse wanda ka ga buƙata ce ta sa shi sayarwa, kamar mai jinya ko wanda kuɗin haya ya taso masa. Farashin da ya dace yana kare mai sayarwa kamar yadda yake kare mai saye.

Ta yaya zan kauce wa kayan sata?

Murhu yana kwana a waje, don haka yana cikin abubuwan da ake ɗauka da dare. Idan aka kawo maka mai kyau a farashin da ya gaza na sikeli, ko aka ce sai dai a yi cinikin da asuba, ka janye. Ka sayi a hannun wanda aka san rumfarsa ko gidansa, a gaban shaida, kuma idan kuɗin da yawa a rubuta 'yar takarda mai kwanan wata. A Legas, inda ɗan Arewa ke saurin shiga zargi idan aka ga tsohon ƙarfe a hannunsa, wannan takardar da shaidar shugabannin kasuwa suna iya raba mutum da kwanan ofishin 'yan sanda.

Idan na kai gida na tarar da aibi, ina da ikon mayarwa?

Ya danganta da irin aibin. Wanda ka gani da idonka ka kuma yarda, ko aka nuna maka, ya zama naka, domin kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Wanda aka ɓoye kuwa, kamar ɓular da aka shafe da fenti, malaman fiƙihu sun bai wa mai saye zaɓin mayar da kaya idan ya gano tsohon aibin da ba a bayyana masa ba, kuma hadisi ya tabbata cewa wanda ya yi algus ba ya tare da mu. Sai dai a aikace karɓo kuɗi a Legas yana da wuya, don haka a yi sharaɗi tun a wurin ciniki, a gaban shaida, cewa za a gwada na kwana 2 ko 3, idan wani ɓoyayyen abu ya fito a dawo da shi. Mai gaskiya ba ya ƙin wannan sharaɗi.

Ina zaune a gidan haya, akwai abin da zan yi kafin in saya?

Ka nemi izinin mai gida da fahimtar maƙwabta tukuna, domin gidaje da yawa a Legas ba a yarda a hura itace a cikinsu ba, kuma ƙorafin hayaƙi yana iya kaiwa ga hukumar kare muhalli ta jiha, wato LASEPA. Na san wadda ta sayi murhu mai kyau a farashi mai kyau, bayan mako guda ta sayar da shi da asara saboda wannan. Ka kuma tabbatar kana da fili a waje ko rumfa mai shan iska. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa hayaƙin girki a cikin gidaje ya yi sanadin mutuwar mutane kusan miliyan 3.2 a shekarar 2020, kuma garwashi a rufaffen ɗaki yana fitar da iskar da ba ta da wari ba ta da launi, wadda ke kashe mutum yana barci. Idan ruwan sama ya sauko, a matsar da murhun ƙarƙashin rumfa, kada a shigar da shi ɗaki ko lungun da ke tsakanin ɗakuna. Bayan an gama aiki a kwashe tokar, a ɗora shi a kan bulo 2 don kada ruwan da ke kwanciya a tsakar gida ya taɓa gindinsa, a rufe shi da tsohon kwano idan ya huce.